Sanƙon da Na Bi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ɗanka ya leƙo shagona ya ce Allah Ya yi maka rasuwa, Kafinta. Na ce to. Na ƙarasa aljihun da ke kan keken ɗinki, sannan na tashi. Har yau hawaye bai zo ba.

Ba kowa ya san abin da ka yi mini ba. Shekarar da ciwon cikin kunne ya kama ni, jiri ya hana ni tsayuwa, ko kai na juya sai ɗaki ya juya da ni. Da jirin ya lafa, sai mantuwa ta samu wurin zama. In shiga ɗaki in rasa abin da ya kawo ni, in auna mutum awon ya ɓace kafin in ɗauki alli. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce aikin riƙe jiki ya cinye mata ƙarfi, ba ta da sauran na tunawa. Maganin, in ji shi, tafiya kullum, ido a kafe kan abu guda, har ta sake koyo. Ni kuwa tsoron faɗuwa ya zaunar da ni.

Sai ga ka wata safiya, ka cire hula, ka juya mini ƙeya. Ka ce, "Tela, ga sanƙo kyauta. Kafa masa ido mu je, ko daga ina kake ba zai ɓace maka ba."

Haka muka yi ta yi, daga ƙofar shagonka zuwa gada mu dawo, kana gaba ba hula, rana tana dukan ka, mutane suna dariya. Ba ka taɓa riƙe mini hannu ba, ka ce katakon da ya saba da tokari ba ya tsayuwa da kansa. Kana tafe kana jefo tambaya: me na ci jiya, yaya sunan jikata ta tsakiya. In na kuskure ka ce, "Sake lale, mutumina." Sannu a hankali awo ya dawo kaina, na koma kan keke.

Ranar da aka kai ka, na bi ka a ƙafa har makwancinka, idona a inda kanka yake, ko tangaɗi ban yi ba. A dawowa ne na rasa abin kallo, sai da na dafa bango.

Tun ranar ban fita tafiya ba. Jiya na tsinci kaina a tsakar shago, almakashi a hannu, ban san abin da zan yanka ba. Ina tsoron mantuwar nan, don in ta dawo har da muryarka za ta tafi. Gobe zan fita, ko da zan faɗi.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri da juriya. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ranar da babu inuwa sai taSa, Allah Ya sa inuwa a bisa kan nan da ya sha rana saboda ni. Amin.