Keken Ɗinkin Jummai a Jikin Bango

Duk wanda ya daɗe a Gyaɗi-Gyaɗi ya san Malam Sha'aibu mai zanen bango, ya kuma san mutum ne da ba ya haɗiye magana. Tun yana saurayi yake bin magina, amma shi jera bulo ba aikinsa ba ne. Sai an gama shafe, siminti da sauran danshi, zai hau tsani da 'yar wuƙarsa ya fitar da dagi da takobi a fuskar gida, wani lokacin har da agogo, ko jirgin sama idan mai gidan ya je Makka. A lokacin da yake tashe, sai ka yi kamun ƙafa kafin ya zo maka aiki.

Sai tayil ya shigo gari. Masu kuɗi suka fara liƙa shi a waje, marasa kuɗi suka bi sahu, aikin Malam ya mutu murus. Idan ya wuce irin waɗannan gidaje yakan yi tsaki, ya ce mutane sun fito da banɗakinsu bakin titi suna alfahari da shi.

Bango ɗaya ya rage masa, na ƙofar gidansa. Shekaru ya yi yana ƙara masa ado idan hannunsa ya yi ƙaiƙayi. A tsakiya, saman ƙofar zaure, akwai keken ɗinki. Na matarsa ne, Jummai, wadda ta yi ta taka shi har yaransu suka gama makaranta. A shekarar da ta rasu ya zana shi, bai bar ko zaren da ke rataye a allura ba.

Wata rana 'yarsa Safiyyah, ma'aikaciyar jinya da ke aure a Unguwa Uku, ta ce ya shirya za ta kai shi baje kolin hotuna da wasu ɗaliban zanen gine-gine suka shirya a wani zauren taro a Tarauni. Ya ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne, mutum ya hau adaidaita sahu don ya je ya kalli bango. Da ƙyar ta ja shi.

Da suka shiga, sai ya fara bin bango yana kallo. Ga hotunan bangaye daga Zariya da Damagaram da cikin Birni, wani malami yana bayanin yadda zanen ya taso daga laka ya koma siminti. Can ƙarshen layi sai ga nasa, an buga shi babba, da sunansa a ƙasa. Wata budurwa ta tsaya a gaban keken Jummai ta daɗe ba ta motsa ba, shi kuwa yana tsaye a bayanta. Da suka dawo gida ya shimfiɗa tabarma a tsallaken layi ya zauna yana kallon bangon har la'asar. Ranar ce ta farko da ya dube shi ba don neman inda ya yi kuskure ba.

A wannan shekarar 'ya'yansa suka biya masa kujerar Hajji. To, al'ada ce idan alhaji ya kusa dawowa a gyara masa gida, a yi fenti, a share ƙofa saboda 'yan barka. Babban ɗansa Mukhtar, ma'aikacin gwamnati mai son a san da shi, ya ga fenti ya yi kaɗan. Abokan ofis za su zo, ina zai kai kunyar tsohon bango mai tsagewa? Bai shawarci kowa ba, ko Safiyyah sai da aka gama ta ji. Abin haushin shi ne da zuciya ɗaya ya yi, har yana jiran a sa masa albarka.

Ranar da aka ɗauko Alhaji Sha'aibu daga filin jirgi, da mota ta tsaya ya ɗauka direba ya ɓata layi. Gidan ya sha tayil ruwan ƙasa daga sama har ƙasa, sai sheƙi yake yi. Mutane na ta miƙo hannu suna yi masa barka da sauka, shi kuwa ya ƙame yana kallon saman ƙofa.

"Mukhtar, ina keken mahaifiyarku?"

"Baba, ai gyara muka yi maka. Yana nan a ciki, rufe shi kawai aka yi."

Alhaji ya daɗe cikin magina, ya san tayil ba ya zama a kan tudu, sai an sare zanen. Duk da haka washegari da safe, baƙi na zaune a zaure suna jiran dabino da zamzam, ya jingina tsani ya hau da guduma. Ya fasa tayil ɗin da ke saman ƙofa. Babu komai a ƙasansa sai ɗanyen siminti da tabon sara. Wani maƙwabci ne ya gaya masa, yana sunkuyar da kai, cewa da ɓaraguzan aka cike ramin da ke bakin layi. Ashe da aka ɗauko shi daga filin jirgi, ta kansu motar ta bi da shi.

Bai zagi kowa ba, abin da ya fi ba mutanen gidan tsoro ke nan. Safiyyah ta yi ta kuka, ta nemo ɗaliban nan, suka buga mata hoton ta kawo masa. Ya karɓa, ya shafa shi da yatsa, ya ji shi sumul. Ya mayar mata ya ce ta ajiye wa 'ya'yanta, shi ba hoto ya yi ba.

Mukhtar ya turo manya su ba da haƙuri, ya kuma turo mai tayil ya mayar da wanda aka fasa. Alhaji ya kori mai tayil da sanda, ya ce muddin yana raye ba wanda zai taɓa wurin.

Har yau ramin na nan a saman ƙofa, baƙi ƙirin a tsakiyar sheƙi. Duk Juma'a idan Mukhtar ya zo gaisuwa, sai ya bi ta ƙarƙashinsa kafin ya isa wurin mahaifinsa, kuma bai taɓa iya ɗaga kai ba.