Ranar da Na Ce wa Injiniya Ya Faɗa da Hausa

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Injiniya Kabir ya tsuguna bayan ganuwar dam ba. Ku da kuka kama aiki bayana ba ku iske ni a can ba, to bari in ba ku labarin.

Lokacin ina gadi a wani ƙaramin dam na ƙasa tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, wanda aka yi don noman rani da shayar da shanu. Safe da yamma ina duba sandar awo in ga inda ruwa ya kai, sannan in bi ganuwar da ƙafa ko akwai tsagewa. Abin da na gani sai in faɗa wa akawu ya rubuta, don karatuna bai wuce aji huɗu ba. Gidana kuwa yana cikin unguwar da ke gangaren dam ɗin, kuma Inna, mahaifiyata, tana ciki a kwance, ta daɗe ba ta taka ƙasa.

Ba na jin Turanci, amma Allah ya ba ni kunne. Manyanmu suna da wata al'ada: ana hira da kai da Hausa lafiya lau, da zarar abu ya ɓaci sai su juya harshe. Yau da gobe na gane kalmomin ɓarna na Turanci ma matsayi gare su, kamar ma'aikata. In sun ce damej, siminti kaɗan za a aiko. In sun ce siriyos, za a buga waya sama, mota ta zo bayan sati. Distiroyid na abin da ya riga ya tafi ne, ba gyara sai sabo. Akwai wata doguwa, katastirofik. Sau ɗaya na taɓa jin ta, ranar da suke kallon hotunan wani gari da ambaliya ta shafe, ba abin da ake gani sai kan itatuwa.

Cikin watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Da hantsin Talata na ga ruwa yana tsattsafowa ta bayan ganuwar, jawur, da laka. Na kai rahoto. Bayan azahar Injiniya ya iso da mataimakinsa. Ya tambayi lafiyar gida, ya yi mani ba'ar da ya saba, sannan ya tsuguna ya ɗebi ruwan a gora ya ɗaga yana dubawa. Sai suka koma Turanci. Cikin maganar na ji doguwar nan. A hankali Injiniya ya faɗe ta, kamar mai tambayar kuɗin tumatir.

Na ga mataimakin yana cike fom, na tambaye shi me ya rubuta. Ya ce siriyos. Ya yi mani bayanin ƙa'ida: babbar kalma ba a rubuta ta sai kwamiti ya zo ya gani, don rubuta ta na nufin a kwashe mutane, in kuma ba abin da ya faru, wanda ya sa hannu shi zai amsa tambaya. Kwamitin kuwa sai an yi sati.

Ban san inda na samo bakin ba. Na juya ga Injiniya na ce, "Ranka ya daɗe, ba ita ka faɗa ba ɗazu. Doguwar ka faɗa."

Ya yi dariya ya ce ashe Baba Sule Bature ne ba su sani ba. Na ce ni ban san ma'anarta ba, shi ya sa nake roƙon ya faɗa mani ita da Hausa. Ya ce magana ce ta aiki. Na nuna mashi rufin kwano kusa da tsamiya, na ce can tsohuwata take, ba ta iya tashi.

Ya juya ya kalli unguwar. Sannan ya ce, "Ruwan da ke fitowa da laka, cikin ganuwar yake ci. In ta buɗe, ba gida, ba rumbu, kuma ba wanda zai tsere da ƙafa."

Kafin ya kai ƙarshe muryarsa ta canza. Ya amshi fom ɗin ya soke, ya rubuta doguwar da kansa ya sa hannu.

Muka tafi wurin mai unguwa, aka yi shela a lasifikar masallaci. Kafin magariba an kwashe kowa zuwa firamare ta kan tudu. A amalanke na tura Inna, kowane taku ina waiwayen ganuwar. Washegari aka kawo katafila ta yanka wa ruwan hanya ta gefe, ruwa ya ragu. Ya ci gonakin masara, har da tawa, amma ganuwa ba ta fashe ba. Har yau akwai masu cewa banza aka tashe su. Injiniya an kira shi sama ya yi bayani, daga baya aka canza mashi wurin aiki. Ban san ko dalilin ke nan ba.

Abin da na koya shi ne, mutanen nan ba mugaye ba ne. Turancin ne kamar tsumman sauke tukunya, da shi mutum yake ɗaukar abu mai zafi bai ji ƙuna ba. Don haka in kun ji babba ya faɗi babbar kalma cikin sanyin murya, ku yi ladabi, ku roƙe shi ya maimaita ta da harshen da uwarsa take yi mashi faɗa.