Ranar da Muka Yi wa Masu Ƙafa Sadaka

Tun ina goye shan inna ya tafi da ƙafafuna, don haka ban san tafiya ba balle in yi kewarta. Abin da na sani shi ne hannu. A Roni aka haife ni, amma a Kazaure na zama mutum, a shagon wani Kirista ɗan kudu mai gyaran rediyo kusa da tasha. Idan na haɗa waya ba daidai ba, ƙwala mini sukudireba yake a bayan hannu kamar yadda yake yi wa sauran masu koyo. Har yau ina ƙaunar mutumin nan saboda wannan dukan.

Sai shekarun arzikin man fetur suka zo. Kuɗi suka shigo, kowa ya sayi rediyo, har makiyayi za ka gani da tasa rataye a kafaɗa yana bin shanu. Na samu keken guragu mai tuƙin hannu, na koma wani gari a kan hanyar Babura wajen gwaggona mai tuyar waina, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya na kama sana'a. Aiki yana zuwa, amma abu biyu suka hana ni sakat. Na farko damina, don rediyo ba ta shiri da ruwa. Na biyu tausayi. Ina tsaka da aiki sai in ji ƙwal, wani bawan Allah ya jefa kwabo a gwangwanin da nake zuba noti, ya wuce yana jin ya yi abin kirki. Ni kuwa mutum ne mai zuciya a kusa. Sau da yawa na bi mutum a keke har bakin hanya don in mayar masa da kwabonsa.

Wata shekara aka gina sabuwar kasuwa, rumfunan bulo da rufin kwano, sai ƙyalli suke. Na ƙwallafa rai a kan ɗaya. Na wanke rigata, na tafi wajen dattijon da aka ɗora wa rabon rumfuna. Ban gama gaisuwa ba hannunsa ya shiga aljihu.

"Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba. Rumfa nake so."

"Haba ɗana," ya ce da murya mai taushi. "Rumfa ai ta masu nema ce. Kai Allah ya hutar da kai. Je ka bakin masallaci ranar Juma'a, ba za ka kwana da yunwa ba."

Da zagina ya yi da na san abin da zan ce masa. Na juya keke na fito.

Ina da aboki makaho, mutumin Babura, mai tufkar igiya, bakinsa ba ya shiru. Shi ma ya je neman rumfa, shi ma ya dawo da kwabo. Wata rana da hantsi muna zaune ina gwada wata rediyo da na gyara, sai muka faɗa kan wani yana bayani cewa mai naƙasa ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin sana'a da karatu kamar kowa. Abokina ya karkata kunne, ya ce, "Wannan mutumin kirki ne, amma wallahi bai taɓa zuwa kasuwarmu ba. Ƙara masa murya ko dattijo zai ji."

Gwaggo tana gefe tana juya waina a tanda. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ku dai kun cika surutu. Mutanen nan ba su taɓa ganin hannunku yana bayarwa ba. Ku ba su mana rana ɗaya, ku ga yadda fuskarsu za ta yi."

Sai abokina ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. A wajenmu ba a mayar da abincin sadaka. In an miƙa maka, dole ka karɓa, dole ka yi wa mai bayarwa addu'a, ko da kuwa kai ne mai kuɗin gari.

Ranar kasuwa muka ci ado. Na sa hular sallata, abokina ya shafa turare kamar ango. Gwaggo ta cika mana faranti da waina, muka sayi goro, muka tare ƙofar kasuwa. Wasu guragu biyu masu ɗinkin takalma suka zo suka jeru da mu, da wata kurma 'yar Gwiwa mai saƙar faifai, wadda tun kafin a fara take riƙe ciki don dariya. Abokina ya gyara murya, ya ɗauko irin karin da ake bara da shi, ya rera: "Ina bayin Allah masu ido, ina masu ƙafa? Ku matso ku karɓi sadaka!"

Wayyo, da ma kuna wurin! Wani ɗan tireda da na miƙa wa waina ya waiwaya ya ga ko akwai wani a bayansa. Wani ma'aikaci a kan sabon babur ya karɓa da hannu biyu don ruɗewa, babur ya kusa kwantar da shi. Wani Bafulatani ya cinye tasa, ya yi mana doguwar addu'a, ya ce ko da ƙari. Wani baƙo daga Nijar ya ciro sefa zai biya, abokina ya ce masa yau babu ciniki, lada muke nema, kada ya tare mana hanya. Duk wanda ya karɓa sai mu ce masa, "In kana da rediyo ga mai gyara, in kana son igiya ga ta. Aiki muke so, Malam." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka tsaya suna tambaya. Ni dai ban taɓa sanin bayarwa tana da zaƙi haka ba.

Can sai ga dattijo da mutanensa. Na ga hannunsa ya nufi aljihu. Na murza keke da ƙarfi, na riga shi. Kafin ya ciro kwabo, waina mai zafi tana tafin ɗayan hannunsa, mai yana bin yatsunsa.

"Baba, sadaka ce. A yi mana addu'a."

Na san in ya jefar da ita, rumfa ta tafi ke nan. Ya dubi wainar, ya dube ni. Sannan ya ce, "Allah ya karɓa. Allah ya ƙara buɗi."

"Amin!" in ji abokina, da ƙarfin da har jakuna suka waiwayo.

"Yaran nan kun kama ni," ya ce. "Me kuke so?"

"Rumfa, ranka ya daɗe. Haya za mu biya kamar kowa."

Ya kai wainar baki, ya tauna a hankali, ya ce yaji ya yi kaɗan. Gwaggo daga bayanmu ta ce a ba yaran rumfa tukuna, yaji ba zai gagara ba.

Rumfar da muka samu tana can ƙarshe, kusa da mahauta, ga ƙudaje, ga dakali mai tsawo da keke ba ya hawa. Maƙwabta suka taya mu zuba ƙasa muka yi gangare. Ni da abokina muka raba ta biyu, rediyo a dama, igiya a hagu. Sauran 'yan uwanmu sai daga baya suka samu, wasu ma ba su samu ba.

Ba mu daɗe da buɗewa ba wata tsohuwa ta kawo rediyon da ɗanta ya aiko mata. Na gyara, na faɗi kuɗina. Ta zare ido.

"Kai ɗan nan, ba ka tsoron Allah? Wannan ai fashi ne da rana tsaka!"

Ta taya rabi. Na ƙi. Ta ce zuciyata ta fi dutsen Kazaure tauri. Sai na ji dariya ta taso mini, na kasa riƙe ta, har hawaye. Abokina ya ce, "Iya, don Allah ƙara masa faɗa, ya daɗe yana neman mai yi masa." Ta dube mu kamar mahaukata, ta biya abin da muka daidaita, ta tsaya sai da na ba ta canjinta. Ta ce in rediyon ta sake lalacewa, zan gane kurena.

Ta rungumi abarta ta sauka gangaren tana mita. Tun shigowarta har fitarta ba ta dubi ƙafafuna ba ko sau ɗaya, hannuna kawai take kallo kada in cuce ta.