Amsar da Issufu bai ji ba

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar mijina Issufu, amma idan na rufe ido, ranar farko nake gani. A shekarar da muka sami 'yanci ne, cikin rani, a hanyar kasuwar Gazawa. Komai ya bushe sai gawo ɗaya a gonar mahaifinsa, kore shar, shi kuma yana tsaye ƙarƙashinsa da littafi a hannu. Na tsaya kallo har ƙwaryar kaina ta karkace. Duk littattafan soyayyar da na karanta daga baya, ban sami wanda ya faɗi abin da na ji ba.

Lokacin ba mu da jami'a. Wata jami'a a ƙasashen bakin teku ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan maƙwabta su koyi ilmin gandun daji, aka zaɓi Issufu daga lakol, makarantar boko. Shekara huɗu yana aiko mini wasiƙa, kowacce da ganye a ciki. Yana ba ni labarin itatuwan da ba a ganin ƙarshensu, da abokin ɗakinsa Kwaku, ɗan can, mai tsokanarsa wai ya zo karatun daji daga ƙasar da ba daji.

Ya dawo muka yi aure. Ya dawo kuma da abin da aka koya masa: a share gona tas, a dasa itacen turare layi-layi. Da gonar gida ya fara. Mahaifinsa ya tare shi ya ce, “Issufu, kututturan ga da kake tonewa ba matattu ba ne. Kwana suke.”

Ya yi dariya. “Baba, wannan ba shi cikin littafi.”

Gawon nan kaɗai ya bari, don na yi masa kuka. Turaren bai kai rani biyu ba ya mutu, iska ta kwashe ƙasar, gero ya ƙi. Tsohon ya rasu bai sake tada maganar ba, kuma shirun nan ne ya fi cin Issufu.

Sauran rayuwarsa ya yi ta yawo a gonakin Agye da Cadakori, yana roƙon manoma su bar tohon kututture ya tashi. Ya rubuta wa jami'arsa sau da yawa: ku turo ɗalibanku su koya wurin manomanmu, kada wani ya koma gida ya yi abin da na yi. Duk ranar kasuwa sai ya leƙa gidan waya. Har ya kwanta ciwon ajali yana tambayata, “Hajiya, ba saƙo?”

Yau gonakinmu sun cika da gawo da kalgo. Ina yawan tunanin ko zai yi murna, ko zai ce an makara. Ina jin hularsa kawai zai gyara ya ce, ai Baba ya faɗa.

Bara wata mota ta tsaya ƙofar gidanmu, cike da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam. Wani tsoho mai sanda ya sauko, ya ce shi ne Kwaku. Ya zama babban malami a jami'ar, ya yi ritaya, sai da ake kwashe tsofaffin takardun buro, wato ofishin jami'ar, aka sami wasiƙun Issufu, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Ya tambayi Issufu. Na gaya masa.

Na kai shi gindin gawon. Ya tuɓe takalmansa, ya zauna a ƙasa, ya fiddo amsar da ya rubuto, ya karanta ta da ƙarfi har ƙarshe, ɗaliban suna tsaye suna saurare. Wata uku bayan komawarsa aka aiko mini cewa shi ma ya rasu.