Sawun Yauƙi a Ƙofar Ɗakin Inna

Shekarar da muka tare a gidanmu na unguwar Inkil a Bauchi, tsakar gidan jar ƙasa ce zalla, sai ɗan siminti da aka yi a bakin ɗakuna. Ni kuwa tun ina yarinya nake sha'awar fulawa, furanni irin waɗanda nake hangowa ta saman katangun GRA idan mun wuce a keke. A Gwallaga, inda muka fara zama bayan aure, ko wurin shanya sai an jira juna. Da na samu fili nawa na kaina, ban bari an gama fenti ba na fara shuka.

Maƙwabciyata ce ta ba ni iri. Malamar firamare ce, Kirista, 'yar kudancin jiharmu, ta ɗan girme ni, katanga ɗaya ta raba mu. Ta yanko mini rassa, ta tono mini 'yan dashe a leda, masu jan fure da masu rawaya da wata mai buɗewa sai rana ta ɗaga. Na dasa su a tsofaffin bokitan fenti, na jera a gindin katangar da ke tsakaninmu. Kafin damina ta yi nisa wurin ya cika da launi.

A wannan daminar ce ruwa ya tsaga bangon ɗakin surukata a Gwallaga, maigidana ya ɗauko ta ta zauna da mu kafin a gyara. Inna muke ce mata. Muka ba ta ɗakin da ƙofarsa ke kallon fulawoyin.

Wata safiya ina hura wuta na ji ta kira ni da wata murya ƙasa-ƙasa.

"Zo ki ga wannan."

A kan simintin akwai wani siririn layi mai ƙyalli, kamar an ja yauƙin kuɓewa ya bushe. Ya taso daga gindin katanga, ya karkace, ya tsaya daidai dokin ƙofarta. Na ce ban san ko mene ne ba, na kawo ruwa da tsintsiya na wanke. Washegari layukan suka dawo, sun ma ƙaru, ɗaya har ya hau kan takalminta. Na lura ganyayen fulawata sun fara huje-huje, amma a lokacin ban haɗa abu biyun ba.

Cikin makon ƙafar Inna ta dama ta kumbura. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ta, ta ce a kira mata ɗanta.

"Na taka abin nan ranar farko," ta ce. "Daga wace katanga yake tasowa?"

Sai ta juyo ta dube ni.

"Ke, wa ya ba ki shuke-shuken nan?"

"Maƙwabciyarmu ce, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Maigidana ya ce ƙila wani ƙwaro ne, gara a tafi asibiti a duba ƙafar.

"Wane ƙwaro ne zai bar duk ɗakunan gidan nan ya zano layi zuwa nawa? Wannan ba ciwon asibiti ba ne."

Ta sa aka kira ƙaninta a waya. Kawu mutum ne mai zafin zuciya, idan ya fara magana ba ya duba wa ke kusa. Ya aiko da turaren hayaƙi, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zo da kansa ya tumɓuke komai, sannan ya ga mijin maƙwabciyar tamu. Abin da ya tsinka mini zuciya ke nan. Duk wanda ya zauna a Bauchi ya san yadda magana irin wannan take, tsakanin gidan Musulmi da na Kirista. Tana fita ƙofa ta daina zama ta gida biyu. Unguwar sabuwa ce, ba mu gama sanin juna ba, ga samari zaune a bakin shago kullum.

Ana cikin haka maƙwabciyar ta ji Inna ba lafiya, ta shigo da lemo a leda. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Mama, yaya jiki?" Inna ta juya fuskarta bango. Matar ta ɗan jira, ta dube ni, na rasa inda zan sa idona. Ta ajiye ledar ta fita. Inna ta ce a zubar da lemon a bola, kada kowa ya taɓa.

Na shiga bincike. Da rana nakan duba ganye ɗaya-ɗaya, ban ga tsutsa ba, ban ga fara ba. Na san dodon koɗi, na kuma san yana barin yauƙi, amma ko ƙoƙonsa ɗaya ban tsinta ba a gidan. Maigidana ya daina cin abinci sosai. Ya ce mini shi bai yarda da zancen sammu ba, sai dai ba zai iya tsayawa gaban mahaifiyarsa da kawunsa ya ƙaryata su hannu wofi ba.

Ranar Juma'ar aka wayi gari da yayyafi. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na fita da niyyar kwashe bokitan in kai bayan gida, ko Kawu zai huce idan bai gan su ba. Ina ɗaga na farko na sake shi. A ƙarƙashinsa wasu abubuwa ne masu laushi, ruwan ƙasa, tsawon ɗan yatsa, sun manne a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kowanne da 'yan ƙahoni biyu a kai, kamar dodon koɗin da aka cire wa ƙoƙo. Na ɗaga na biyu, haka. Da na waiga, sai ga wani a kan siminti yana jan jiki zai koma maɓoyarsa, layin nan mai ƙyalli na fitowa ta bayansa.

Na buga wa maigidana ƙofa. Ya fito ya duba, ya shiga ya tallabo Inna. Ta tsaya dafe da kafaɗarsa tana kallon abin yana tafiya. Ta daɗe.

"Kawo gishiri," ta ce.

Na barbaɗa masa. Ya nannaɗe, ya yi kumfa, ya tsaya.

"To, na gani," in ji Inna. "Amma shi ma ana iya turo shi."

Duk da haka ta yarda a kai ta asibiti washegari. Maigidana ya kira Kawu ya ce ba sai ya zo ba, Kawu ya ce ai ya riga ya yi niyya.

Ya iso da rana, da daddumarsa a kafaɗa. Na riga na tsince ƙwarin cikin gwangwani, na miƙa masa ina durƙushe. Ya leƙa, ya yatsine fuska, ya saurari bayanin maigidana ba tare da ya dube shi ba. Sai ya juya ya nufi ƙofar gida. Muka bi shi. A waje mijin maƙwabciyar yana wanke babur ɗinsa. Kawu ya tsaya a gabansa.

"Sannu da aiki," in ji Kawu.

"Yawwa, Baba, sannu da zuwa. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Ya gyara daddumarsa ya tare keke ya tafi.

Da yamma na shiga gidan maƙwabciyar da gwangwanin. Ta ce ita ma sun dame ta, daga gonakin bayanmu suke shigowa idan ƙasa ta jiƙe. Ta ce in ɗora bokitan a kan bulo, in zagaye su da toka da ɓawon ƙwai dakakke, in daina ba su ruwa da yamma, in kuma ajiye jiƙaƙƙen katako a gefe, da safe in ɗaga in tsince waɗanda suka taru. Ta faɗi duka wannan tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Da na miƙe zan tafi ta ce, "'Yar'uwa, katangar nan ba ta da kauri. Na ji komai."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, amma ba ta raka ni ƙofa ba.

Likita ya ce hawan jini ne ya tara wa Inna ruwa a ƙafa, ya ba ta magani, kumburin ya sauka. Tokar ta yi aiki, sai dai duk ruwan da aka yi sai na sake zubawa, kuma masu rawayar ba su tashi ba, ƙwarin sun riga sun cinye su. Inna ta koma Gwallaga da kaka. Maƙwabciyata ba ta ƙara taka gidanmu ba sai bayan shekara, ranar da na haihu. Ta zo barka, ta ɗauki jaririyar, ta zauna har la'asar.