Tuwon Amatullahi Mai Dusa

Duk direban da ya taɓa tsayawa a bodar Jibiya, wajen Magama, ya san rumfar Amatullahi. Shekara talatin tana tuƙa tuwon dawa a nan, ba ta taɓa yarda an surfa mata hatsi ya yi fari ba. Ta wanke, ta shanya, a niƙa har da dusar. Haka uwarta ta yi a Gangara.

Da zamani ya juya, sai masu farar shinkafa suka kewaye ta, mutanenta suka yi ta zamewa. Direbobi suka laƙa wa abincinta suna tuwon awaki. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta da wata sana'a, amma taurin kanta ya fi ciwon.

Cikin 'yan kaɗan da suka rage akwai Lami, malamar gona. Ita ta gaya mata akwai wani sinadari, manganis, da shuka ke zuƙa daga ƙasa. In ta rasa shi, sai ganyenta ya yi ruwan ɗorawa. Dawa tana tara shi a dusa, akwai shi a wake da zogale, jiki kuma yana buƙatarsa don ƙashi.

"Inna, mu rubuta a allo mu kafa, za su dawo," in ji Lami.

"Sai da sunan boko za su yarda da tuwona? Ɗiyata, bar shi."

Ɗanta Maharazu ya gaji da ganin rumfa wayam. Ran kasuwa ya saci jiki ya kai dawar inji, aka surfe ta tas. Gari ya dawo fari sol. Direbobin da suka hango shi suka fara jan benci.

Amatullahi ta damƙi garin, ta dubi ɗan nata.

"Ina dusata?"

"Inna, tana wajen awaki."

Ta bi shi har turke, ta tarar bai kwance buhun dusar ba tukuna. Ta ɗauko, ta tankaɗe, ta zuba cikin garin a gaban kowa, tana juyawa. Benci ya watse, saura Lami da wani tsohon direba, Abu.

Maharazu ya ce, "Inna, kin kore su."

"Na gani," ta ce, idonta ya cika da ƙwalla. "Hura mini wuta, mutum biyu na jira."