Gansakukar da na wanke

Shekarar da kuɗin mai suka iso Jibiya, fari ma ya iso. Manyan motoci na wucewa Maraɗi da fetur, mutane na shigowa a ƙasa, ƙafafu a kumbure. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, kaina cike da littattafan soyayya na bakin kasuwa.

Cikin masu shigowa akwai wata budurwa da mahaifiyarta tsohuwa, daga gabas mai nisa. Suka kafa rumfa a bayan gidanmu. Kayansu tabarma ce da gora ɗaya na koren ruwa, irin gansakukar tafkin garinsu. Budurwar ta juye a tsohon kasko, ta ƙara ruwa, ta barbaɗa kanwa, ta ajiye a rana. Idan ya yi kauri sai ta tace da ƙyalle, ta shanya, ta kaɗa miya. Miyar nan kaɗai cikin tsohuwar ke karɓa.

Na ce wa budurwar, "Na ji a rediyo Turawa na son noma irin wannan saboda masu zuwa duniyar wata."

Ta ce, "Malam, can ma fari ake yi?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ranar na ƙudura budurwar nan zan aura.

Kaskon ne ya dame ni. Baƙi, tsagagge, ruwansa na warin kanwa. A littattafaina saurayi ba ya barin abin masoyiyarsa cikin ƙazanta. Na sayo sabon daro mai zanen furanni. Ranar kasuwa budurwar ta fita neman aikatau, tsohuwar na barci. Na tace gansakukar, na ɗauraye ta sau uku, na zuba ta a ruwan sabon famfo, garau. Tsohon ruwan na watsar a kwata.

Da ta dawo sai ta tsuguna gaban daron. Ta yi ta zuba kanwa. Kwana biyu ruwan ya koma rawaya, ya yi ɗoyi.

Sai a lokacin ta dube ni. "Malam, ruwan tafkinmu ko jaki ba ya sha. Shi gansakukar take so. Da ka tambaya."

Na kawo madarar gwangwani, na kawo shinkafa. Tsohuwar ta daure ta ci saboda ni, ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan," sannan ta amayar. Bayan mako biyu muka kai ta makwancinta.

Budurwar ta hau motar Maraɗi da goranta, babu komai ciki. Daron ta bar mini a ƙofar gida, a wanke, a kife.